Maman Tina da Layi Biyun da Zane Bai Gani Ba

Sunanta Anastasia, amma a duk Gwarzo ban san mutum biyar da suka iya kiran sunan nan daidai ba. Wasu su ce Nasta, wasu su ce Madam, mu da muka san ƙofar gidanta muna cewa Maman Tina. Ni Zubaidatu, shekara huɗu na yi teburina yana manne da nata a ofis ɗaya. Kuma tun yanzu ina gaya muku, ni mai ba ku labarin nan ina da nawa laifin a ciki.

A 1986 ta zo garin nan daga kudancin Kaduna, can wajen Zonkwa, tare da mijinta Malam Shadrak da aka ɗauka koyar da lissafi a wata sakandare. Lokacin ne aka fara yi mana wa'azin tsuke bakin aljihu a rediyo, safe da yamma. Makarantar ba ta da mai buga takardu, ita kuwa ta yi kos ɗin tafireta, sai ta riƙa buga musu tambayoyin jarrabawa a kan sitensil, takardar nan da ake gurza kwafi da ita. Shekara goma sha biyu tana wannan bugun, har yatsunta biyu na dama suka ɗan karkace. Da hawan jini ya ɗauke Malam Shadrak, danginsa suka zo da mota suka ce ta tattara a koma gida. Ta ce 'yarta Tina tana aji uku, ba za ta cire ta ba, kuma ita ta fi sanin hanyar kasuwar Getso a kan hanyar ƙauyen nasu. Suka yi fushi suka tafi da motarsu.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, rabin layinsu ya watse. Malaman Filato, mai shagon magani, mai ɗinkin kwat, duk suka ɗaure kaya. Ba wanda ya ce musu su tafi, tsoro ne kawai, bayan abin da ya faru a Kaduna. Maman Tina ta je kasuwa ta sayi mayafi biyu, ta ci gaba da zuwa coci ranar Lahadi, ta ci gaba da aiko mana da faten acca ranar Kirsimeti. Hausa kuwa a bakinta, kai! In tana ciniki da mai tattasai sai ka tausaya wa mai tattasan.

Ofishin da muka haɗu na wani shiri ne na gyaran famfunan tuƙa-tuƙa na ƙauyuka, hedikwatarsa a Kano. Ba zan kama sunansa ba, tunda har yanzu a can nake cin abinci. Shugabanmu Alhaji Jibirin, mutum mai babbar riga da ƙayataccen sa hannu, wanda bai taɓa karanta takarda har ƙarshenta ba. Sai makanikai da ke yawo a kan babur suna duba famfuna, su kawo mana rahoto. Sai mu biyu masu buga takardu. Ita aka fara ɗauka, ni na zo bayanta da shekara guda, ban iya komai ba sai gaisuwa.

Da aka kawo kwamfuta a 2001, wani injiniya mai suna Martins ya zo daga Kano ya haɗa ta. Ya buɗe wani shafi mai gidaje-gidaje kamar gidan dara. Kowane layi mazaɓa ɗaya ce: gidan farko sunanta, na biyu yawan famfunanta, na uku waɗanda suka mutu. Mazaɓun Gwarzo goma, layi goma, daga Getso har Unguwar Tudu. Daga nan ya yi zane a gefe, sanduna goma a tsaye, tsawon kowace sanda shi ne yawan famfunan da suka mutu a mazaɓar. Ya ɗaure zanen da gidajen lambobin. Ka canza lamba a gidanta, sandar ta miƙe ko ta gajarta da kanta, ba wanda ya taɓa ta. Ranar farko da Alhaji Jibirin ya ga sandar Kara ta motsa sai da ya ja da baya yana salati. Kwana biyu Martins ya yi yana koya wa Maman Tina, ya koma Kano, ba mu ƙara ganinsa ba. Duk sauran abin da ta iya, ita ta koya wa kanta a ɗan lokacin da ake kunna janareta.

Ni ma ita ta koya mini. Takan kama hannuna ta ɗora a kan mawus, ta ce, “Zubai, ba dambe za ki yi da shi ba, saki jikinki.” In na goge abu da kuskure ina shirin kuka, ta danna maɓalli biyu ya dawo. Ba ta taɓa kai ƙarata wajen Alhaji ba, ko sau ɗaya.

To ga inda tsuke bakin aljihu ya shigo. Hedikwata ta aiko da sanarwa cewa takarda da tawadar firinta sun yi tsada, don haka kowane ofis ya riƙa aika shafi ɗaya tak duk wata uku. Darakta kuma ya ce shi ba shi da lokacin lambobi, zanen yake so. Shi ke nan, aka daina aika jerin lambobi, sai zane kaɗai. Mai sito a Kano ya ɗora takardar a gabansa, ya duba sandar da ta fi tsawo, ya loda musu robobi da bututu da sarƙoƙi, ta biye da ita a ba ta saura. Haka ake rabon kayan gyara, da ido.

A 2002 aka ƙara mana mazaɓu biyu daga Kabo, Durun da Masanawa. Makanikinsu Malam Mudassir ne, wani dogon mutum marar yawan magana, kullum hannunsa baƙi da giris. Ya kawo lambobinsa na farko, Maman Tina ta buga su a ƙarƙashin Unguwar Tudu, layi na goma sha ɗaya da na sha biyu. Ta buga zane, Alhaji ya sa hannu, na ninke na sa a ambulan. Haka muka yi ta yi, wata uku bayan wata uku. Mota ta zo daga Kano da kaya, a ga na Kara, a ga na Kutama, a ga na Lakwaya, ba na Durun ba na Masanawa. Malam Mudassir ya yi wa Alhaji magana, Alhaji ya ce, “Kano suke rabo, Malam, ni nawa sa hannu.” Ya sake magana, aka ce ya yi haƙuri, su sababbin shiga ne. Mutumin nan har tsohuwar tayar babur ya riƙa yankawa yana yin roba da ita, ta yi sati biyu ta cinye.

Ranar wata Talata, bayan an gama girbin dawa a 2005, ya shigo ofis ko sallamar kirki bai yi ba. Bai nufi ɗakin Alhaji ba, teburin Maman Tina ya zo. Ya zube mata robobi uku da suka ruɓe a kan takardunta.

“Madam, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Lambobin da nake kawo miki, kina aikawa kuwa?”

“Haba Malam Mudassir! Ga su nan, zo ka gani da idonka.”

Ta juya masa allon. Ga Durun, famfo goma sha tara, goma sha huɗu sun mutu. Ga Masanawa, ashirin da biyu, goma sha bakwai sun mutu. Ya duba, ya gyaɗa kai. Sai ya juya ga bango inda muke manna kwafin zanen da aka aika.

“To wacce ce tamu a nan?”

Sunayen da ke ƙasan sandunan ƙanana ne, a karkace, firintarmu kuma tawadarta ta kusa ƙarewa tun bara. Maman Tina ta miƙe ta sa tabarau, ta ɗora yatsa tana bi ɗaya bayan ɗaya. Na ga ta kai ƙarshe ta dawo farko. Ta sake bi. Sannan ta ce da ni, muryarta ta canza, “Zubai, ƙirga mini sandunan nan.”

Na ƙirga. Goma.

Ta koma ta zauna, ta danna zanen a kwamfuta. Sai wani shuɗin layi ya fito ya kewaye gidajen da zanen yake ɗebo lambobinsa. Ya fara daga Getso, ya sauko, ya tsaya cak a ƙarƙashin Unguwar Tudu, inda Martins ya bar shi. Durun da Masanawa suna waje, dab da shi, ko faɗin yatsa ba su kai ba. Shekara uku tana sabunta lambobinsu a kan kari, ba ta taɓa yin kuskuren ko ɗaya ba, amma zanen bai san da su ba. Ita a zatonta duk abin da aka buga a shafin, zanen zai ɗauka da kansa, tunda ta ga yana motsi da kansa.

Ta kama kusurwar shuɗin layin da mawus ta ja shi ƙasa, layi biyu. Wallahi aikin bai kai a sha kofin ruwa ba. Sanduna biyu suka fito a ƙarshen zanen, dogaye, har sauran goman suka koma kamar ƙananan turaku a gefensu. Malam Mudassir ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ya kwashe robobinsa ya fita. Ita kuwa ta cire tabarau ta rufe fuska da mayafi.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, duk mun san tantance ma'aikata na tafe nan da wata guda. An riga an faɗa: ofis ɗaya, mai buga takardu ɗaya. Tsakanina da ita mutum ɗaya zai tafi, kuma ko makaho ya san ni ce. Ta girme ni a aiki, ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Har na fara tambayar kuɗin keken ɗinki. Ita kuma aikin nan shi ne kawai abin da ya riƙe ta a Gwarzo. Gidan haya take, Tina tana kwalejin horon malamai, ba gona ba dangi.

Da ta kai wa Alhaji Jibirin sabon zanen, ina tsaye a bakin ƙofa. Ya duba, ya ce, “Madam, waɗannan dogayen daga ina?” Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba. Ya cire hula ya ajiye a tebur.

“Mayar da shi yadda yake.”

“Ranka ya daɗe?”

“Na ce ki mayar da shi. Sa hannuna yana kan takardun nan sau goma sha biyu. Ki bari a gama tantancewa, kowa ya zauna a kujerarsa, sai mu shigo da su a hankali a rahoto na gaba.”

“Yallaɓai, rahoto na gaba sai watan Maris. Kafin kaya su zo bazara ta shiga. Tafkunan da suke sha yanzu duk sun ƙafe kafin nan.”

“Shekara uku suka yi ba su mutu ba, wata uku ne zai kashe su?”

Ka ji fa. Ta ɗauki takardarta ta fito.

A hanyar gida na tare ta. Na ce, “Anti, ki yi wa kanki faɗa. Ki bi maganar Alhaji. In kuma dole sai kin aika, ki aika shiru, in sun tambaya ki ce kwamfuta ce ta samu matsala. Wa ya san kan kwamfuta a cikinsu?” Da gaske nake, Allah shi ne shaidata. A lokacin da gaske nake.

Ta ce, “Zubai, in na ce kwamfuta ce, za su ce to sabon zanen ma ƙarya ne, su ajiye shi sai an turo injiniya. Yaushe za a turo shi? Sai wani ya ce ni na yi, ga yadda aka yi, sannan za su yarda su loda kaya.”

“To ke fa?”

“Matan Masanawa nawa suka yi ta ɗaukar ruwan kududdufi saboda ni? Ke ma kin ga lambar.”

Na ce mata ai ba ita kaɗai ba ce, Alhaji ya sa hannu, mai sito ya duba, darakta ya duba. Ta ce ta sani. Ban ce ni ma na ninke takardar sau goma sha biyu ba, ita ma ba ta tuna mini ba.

Washegari ta buga sabon zanen. A bayansa, tunda shafi ɗaya aka yarda, ta rubuta da biro: ranar da ta shigar da mazaɓun biyu, inda shuɗin layin ya tsaya, yadda ta gyara, da roƙon a aiko da kayan Durun da Masanawa kafin bazara. Ta sa sunanta. Alhaji ya ƙi sa hannu. Ta shiga motar haya da kuɗinta ta kai Kano hannu da hannu.

Tabɗi! Ku zo ku ga yadda ofishin da ba ya amsa wasiƙa ya iya sauri. Cikin kwana goma kwamitin tantancewa ya iso, mutum uku, da takardarta a saman fayil. Alhaji Jibirin ya riga ya je Kano sau biyu a tsakani. Abin da ya gaya musu shi ne, shi ne ya lura sandunan ba su cika ba, shi ya matsa mata lamba har ta amsa laifinta. Aka kira Malam Mudassir, aka tambaye shi shekara nawa bai samu kaya ba, ya ce uku, aka ce ya je an gode. Yana ƙoƙarin ƙara magana aka ce an gode.

Sai aka kira ni. Shugaban kwamitin ya ce, “Malama Zubaidatu, wa ya shigar da mazaɓun nan biyu a kwamfuta?”

Na ce, “Madam ce.”

“Wa yake buga zanen?”

“Ita ce.”

“Ke mene ne aikinki a kan wannan takarda?”

Na ce, “Ni dai ambulan kawai nake sawa.”

“Wa ya gano kuskuren?”

Alhaji yana zaune a gefe yana jan carbi, idonsa a kaina. Na tuna keken ɗinki, na tuna mahaifiyata da ƙannena da ke jiran albashina. Na ce, “Ranka ya daɗe, ina can wajen firinta, ban ga farkon abin ba.” Ƙarya nake yi. Ni na ƙirga sandunan da bakina.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, dama irin wannan aiki mai muhimmanci bai kamata a bar shi a hannun wanda ba ɗan ƙasa ba, don ba danginsa ne ke shan ruwan ba. Shekara goma sha tara a Gwarzo! Matar da ta binne mijinta a nan! Ba wanda ya tanka masa, har da ni.

Takardar sallamarta ta ce sakaci da aiki. Tawa ta ce an tabbatar da ni. Ranar da za ta miƙa makulli ta zaunar da ni gaban kwamfutar, ta sa na ƙara layin ƙarya a ƙasa, na ja shuɗin layin da hannuna, na goge, na sake, har sau uku. Ta ce, “Duk ranar da aka ƙara mazaɓa, ki danna zanen ki ga inda layin ya tsaya. Kuma ki ƙirga sanduna kafin ki ninke.” Ta san abin da na faɗa wa kwamiti, ofishin namu bangonsa na silin ne, ana jin komai. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna sai na ji na tsani kaina.

Ta nemi aiki a makarantu biyu masu zaman kansu, amma maganar ta riga ta zaga gari. Ta yi wata huɗu tana buga wa mutane takardun neman aiki da tsohuwar tafiretarta a bakin tasha, lokacin kuwa kowa ya koma shagon kwamfuta. Da hayar gida ta ƙare ta sayar da gado da kujeru, ta koma Zonkwa. Na je rakiya, na tsaya nesa kamar baƙuwa. Ita ta hango ni ta ɗago mini hannu.

Kaya kuwa sun zo, mota biyu, tun kafin ƙarshen Janairu. Malam Mudassir ya tayar da famfo ashirin da takwas cikin sati shida. Alhaji Jibirin ya samu takardar yabo daga hedikwata, tana nan rataye a ɗakinsa cikin gilashi.

Da bazara ta tsananta aka tura ni Masanawa in ɗauko hotunan famfunan don rahoton shekara. Malam Mudassir ya kai ni wani famfo a bakin wata unguwa, mata sun yi layi da bokitai, ruwa yana zuba fari tas. Wata dattijuwa mai suna Inna Hajaratu ta ji an ce daga ofis nake, ta ɗauraye kwanonta ta tara mini.

Ta ce, “'Yar nan, ki gaishe mana da Alhaji, Allah ya saka masa da alheri. An ce wata Kirista ce ta ɓoye sunan garinmu a cikin na'ura shekara uku don mugunta, shi ya kama ta. Jikokina biyu gudawa ta kwantar bara. Allah ya isa tsakaninmu da matar nan.”

Malam Mudassir ya ce, “Inna, ba haka aka yi ba. Ita ce ma ta...”

“Kai dai Mudassir, gyaranka ka sani. Ga 'yar ofis nan, ita ta san komai. Ko ba haka aka yi ba, 'yar nan?”

Matan duk suka juyo suna kallona. Direban Alhaji, wanda ya kawo ni, yana jingine da mota, taku biyar daga inda nake. Malam Mudassir ma ni yake kallo, yana jira.

Na ce, “Zan gaishe shi, Inna.” Na karɓi kwanon na sha.